Saƙon Kashin Giwa

Babbar motar kamiyon da ta ɗauko mu daga Gaya ta sauke mu a tashar Paraku da hantsi, ni da 'ya'yana mata biyu da ƙunshin kaya uku. Lokacin ƙasar Dahome ake ce mata, ba a daɗe da Nasara ya miƙa mulki ba. Maigidana ya riga mu zuwa da shekara biyu, shi ya aika mu taho daga Dogon Dutsi, amma ranar da muka iso an tafi da shi lodi Kandi. Wani mutum mai farar riga ya tare ni da Hausa mai daɗi, ya ce shi ɗan Zongo ne, ya san maigidana, har ya kwatanta mini tsayinsa. Ya ɗauki ƙunshin da kwanukana suke ciki ya ce in biyo shi. Na duƙa in goya ƙaramar, Ramatu. Da na ɗago, ba shi ba ƙunshin.

Ban yi kuka ba, na dai zauna a kan sauran kayan har rana ta take. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin tasha ta daɗe tana dubana, daga baya ta kwashe kaskonta ta zo ta ce, “'Yar nan, wa kike jira?” Na gaya mata. Ta ce, “Mai farar riga? Ke ce ta uku a wannan wata. Tashi mu je.” Ita ce Iya Salamatu. A ɗakinta muka kwana tara kafin maigida ya dawo. Ta ba ni tabarma da kwano biyu da wata babbar langa mai murfi, ta ce in riƙe har Allah ya hore mini nawa. Ita ta koya mini kirɓa sakwara da gaisuwar Dandanci, yaren garin, ita ta nuna mini inda ake samun gero, don ta lura ban iya cin doya kwana uku a jere ba sai in zauna shiru ina tunanin gida.

Shekara huɗu maigida yana dako da karen mota kafin ya zama direba. Wani ɗan kasuwa mutumin kudu, mai motoci biyu masu shiga daji, ya ɗauke shi yana kai Turawa kallon namun daji a gandun Panjari, can arewa da Jugu. Aikin ba ya yiwuwa sai da wata takarda mai hotonsa da hatimi, ita yake nunawa a ƙofar gandun. Ya sa baduku ya ɗinka mata gida na fata, yana rataye ta a wuya. Da ita muka sami ɗaki namu, da ita babbar 'yata, wadda muke ce wa Uwani, ta shiga lakwal, makarantar boko. Ya sha gaya mini cewa direban da aka kama ya fito da wani abu daga gandun, an karɓe takardarsa ke nan har abada. Ni kuwa abin da ke zuwa mini a rai shi ne nama da fata da haure.

Wata bazara, da baƙi suka ja baya ana shirin rufe gandun saboda damina, mai motar ya ce wa maigida ya ɗauki mota kwana huɗu ya kai iyalinsa su ma su gani. Hutu ke nan, in ji shi. Ni ban taɓa jin an yi tafiya don kallo kawai ba. Matan gidanmu suka yi ta mini dariya. Ɗaya ta ce, “Mutane na gudun zaki, ku za ku ƙona mai ku je gaishe shi. Ki ce muna yi masa ban gajiya.”

Ana gobe za mu tashi Iya Salamatu ta kira ni bayan ɗakinta. Tana da jika, jaririya 'yar wata biyar, kullum tana firgita tana sanƙarewa. Iya ta ce, “Kashin giwa nake so a turara mata. Na kasuwa sau biyu ina saya, rabinsa na doki ne, hancina ba ya yi mini ƙarya. Ke za ki inda giwar take. Ki ɗebo mini busasshe.” Na ce to. Ta ce, “Kada ki gaya wa maza, maganar mata ce, sai su mai da ita abin dariya.” Na sake cewa to. A wurinmu, wanda zai yi tafiya ba ya ƙin saƙo, balle saƙon wadda ta ɗauke ka daga bakin tasha. Kuma kashi ne, abin da dabba ta yar ta wuce. Ko sau ɗaya ban haɗa shi da takardar maigida a raina ba.

Mun fita ta Turu da sassafe. Hanyar Jugu a lokacin jar ƙasa ce mai tsakuwa, mota na karkarwa har haƙora su riƙa haɗuwa. Ramatu ta yi amai sau biyu. Taya ta fashe a wani wuri da babu gida ko ɗaya, muka zauna a gindin kaɗanya maigida yana fama. Wata Bafulatana ta fito daga daji da ƙwarya a kai, ta ce daga wajen Pelebina suka taso da shanu. Ta dubi Ramatu, ta yanko mata cukun da suke kira wagashi, ta ƙi karɓar komai, ta yi gaba.

A Jugu muka sauka gidan Alhaji Bawa, wani dattijo da maigida ke yi wa aike. Kakanninsa fataken goro ne, su suka kafa gidan tun ana tafiya Gwanja da jakuna. Matarsa ta yi mana wasa-wasa da miyar yakuwa. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa mana tabarma kusa da tasa, ya tambayi maigida inda muka nufa. Da ya ji sai ya ce, “Kakana ya ratsa dajin nan sau bakwai. Duk ratsawa sai an yi sadaka an roƙi Allah kada ya haɗa su da giwa. Kai kuma ka ɗauko mata da yara za ka neme ta.” Maigida ya ce, “Alhaji, yanzu daga cikin mota ake kallo.” Alhaji ya ce, “Ita giwar an gaya mata?”

Kashegari muka wuce Natitingu, muka hau duwatsu muka gangara Tangiyeta. Daga nan Hausa ta ƙare a bakin hanya, sai wasu harsuna da ban san ko sannu a cikinsu ba. Muka kwana a ƙauyen da ke kusa da ƙofar gandun. Da asuba maigida ya nuna takardarsa, aka ɗaga sanda, aka haɗa mu da gardi guda mai bindiga daga cikin masu tsaron gandun, kamar yadda ake yi wa kowace mota. Direbobi Dogo suke kiransa. Ɗan ƙauyen nan ne, yana jin Hausar kasuwa. Ya ce wa yara kada su yi ihu, ya ce mini, “Madam, ba a nisa da mota.”

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi kyau. Mun ga gwanki tsaye a kan hanya yana dubanmu kamar mu ne baƙin da ba su yi sallama ba. Mun ga garken ɓauna, baƙi ƙirin, tsuntsaye farare a bayansu. Gwaggon biri ya zauna a kan dutse yana yi wa ɗansa tsifa, Uwani ta ce, “Inna, ga ki nan ranar Juma'a.” Babanta ya yi dariya har ya saki sitiyari. Muka je wani tafki mai ɗan tsibiri a tsakiya, dorinai kwance a gefensa sai kunnuwa da hanci a waje, kada kuma ya buɗe baki yana shanya. Ramatu ta tambayi Dogo ko dorina tana da miji. Ya ce tana da shi, ga shi can, shi ne wanda ba ya komai. Giwa ce kawai ba mu gani ba. Mun ga sawunta, faɗinsa ya kai faifai, mun ga itatuwan da ta karya.

Da azahar muka tsaya a inuwa muka ci dambun da na zubo a langar Iya. Maigida ya ta da salla, Dogo ya jingina da mota. Na ɗauki buta da langar na ce zan kewaya. Namiji ba ya bin mace in ta ce haka. Bayan wasu itatuwan kargo na tarar da abin da nake nema, tuli guda, ya bushe ya yi fari-fari, duk ciyawa. Na cika langar na danne murfi, na naɗe ta da zane, na tura ƙarƙashin kujerar baya. Zuciyata wasai, na cika alkawari.

Da la'asar muka dawo ƙofa. Ashe an kawo sabon shef, wato shugaban masu tsaron ƙofar, a wannan shekarar, mutumin kudu, siriri mai tabarau, ba ya jin Hausa ko kaɗan. Shi kowace mota sai ya duba ta da hannunsa. Ya ɗaga tabarma, ya buɗe akwatin ƙarafa, ya leƙa ƙarƙashin kujera ya jawo langar. Ya buɗe ta ya duba. Ya miƙa wa maigida hannu, maigida ya ciro takardar daga wuyansa ya ba shi. Ya shiga buronsa, wato ofishinsa, muna gani ta taga ya sa ta a aljihun teburi ya murɗa makulli.

Dogo ne ya yi mini bayani, fuskarsa ba daɗi, don shi ma abin ya shafe shi. Ya ce masu sayar da magani a kasuwanni suna turo mutane ɗiban kashin giwa, kuma waɗannan masu ɗiba su ne ke gaya wa mafarauta inda garke yake kwana. A watan da ya wuce an kashe giwa biyu. Shef ya rantse duk motar da ya samu da shi, direbanta ya gama shiga gandun.

Maigida bai yi mini faɗa ba. Ya tsaya yana kallon tagar, sannan ya ce a hankali, “Wa ya aike ki?” Na ce, “Iya.” Ya gyaɗa kai. Ya san abin da Iya take a wurinmu. Ya shiga buron, na ji yana haɗa ɗan Faransancinsa. Da ya fito ya ce, “Na gaya masa mota tawa ce, iyali nawa ne, laifin nawa ne. Ya ce haka shi ma ya gani, shi ya sa ya karɓi takardar.” Ya zauna a kan dutse ya cire hularsa ya riƙe. Tunda muka yi aure ban taɓa ganin kansa ba hula a gaban mutane ba.

Ni ba mai magana da baƙon namiji ba ce. Ko a kasuwa Uwani nake turawa. Amma na dubi shekara huɗun da ya yi yana ɗaukar buhu a ka, na gyara lulluɓina na ce wa Dogo ya zo ya yi mini tafinta.

Shef bai ce in zauna ba, ni ma ban nema ba. Na ce ni na ɗiba, maigida yana salla, gardi kuma ba zai bi mace bayan gari ba. Ya ce direban da bai san abin da ke cikin motarsa ba, bai cancanci shiga da baƙi ba. Sai ya ce akwai hanya ɗaya. In faɗi sunan wanda ya aiko ni da inda yake zaune a Paraku, ya rubuta wa jandarma su je su bincika, shi kuma ya mai da takardar yanzu-yanzu. Ya ɗora makullin a kan teburi inda zan gan shi.

Na dubi makullin. Na san yadda jandarma ke shiga Zongo, da yadda ake fito da mutum kowa na kallo. Na ce wa Dogo, “Gaya masa tsohuwa ce mai tuyar ƙosai, ba ta sayar da magani, jikarta ce ba lafiya. Ranar da na sauka ƙasarsu aka sace mini kaya, ita ta ba ni wurin kwana, langar nan da ke gabansa ma tata ce. Sunanta ba zai fito daga bakina ba. In suna yake so, ga nawa.”

Ya turo mini babban littafinsa da abin dangwala yatsa. Na ce a ba ni alƙalami. A shekara biyun da na yi ina jiran maigida a Dogon Dutsi na shiga makarantar manya, kuma ban bar abin ya ɓace mini ba. Na duƙa na rubuta da Hausa, a hankali, don hannuna ba shi da sauri. Na sa sunana da na ubana da garinmu da unguwar da nake zaune. Na rubuta cewa ni na ɗebi kashin giwa cikin langa ɗaya, ba da sanin mijina ba, ba da sanin gardi ba, ban san haramun ne ba amma yanzu na sani, kuma in akwai hukunci a zo gare ni. Ya ɗauke ni lokaci mai tsawo, shef bai katse ni ba. Da na gama aka rasa mai karantawa. Shi ba ya jin Hausa, Dogo bai iya karatu ba. Ni na karanta, Dogo yana juyawa.

Ya cire tabarau ya goge. Ya tambaya ko zan gane wurin da na ɗiba. Na ce zan gane. Ya ce gobe da safe mu koma da gardi in zuba shi inda na same shi, in mun dawo zai faɗi abin da ya yanke. Bai yi alkawarin komai ba, makullin kuma ya mai da shi aljihu.

Dogo ya kai mu gidan mahaifiyarsa, gidan ƙasa mai rufin ciyawa. Tsohuwar ba ta jin abin da nake faɗa, ni ma ban jin nata, amma ta kawo ruwa ta dama wa yara kunu. Kafin magariba ɗanta ya ba ta labari, ta yi dariya har da tafi. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshin ganye ta ajiye a gabana. Dogo ya ce, “Su ma suna turarawa. Wannan daga gonarta ne, bara giwaye suka shigo suka cinye mata dawa. Ba na gandu ba ne. Ta ce ki kai wa jaririyar.”

Na dubi ƙunshin. Abin da aka aike ni ne, ga shi an ba ni kyauta, halal. Amma in shef ya sake duba motar gobe, wa zai bambance na gona da na gandu? Na dubi maigida, ya kau da kai ya bar mini zaɓin. Na riƙe hannun tsohuwar da hannu biyu na yi mata godiya, na tura mata kayanta. Abin ya fi mini tsayawa gaban shef wuya.

Da safe muka koma. Na gane kargon, na juye langar, na kakkaɓe ta, Dogo yana tsaye a matsayin shaida. Ramatu ta ce, “Inna, mun kawo wa giwa kashinta?” Na ce e. Ta ce, “Ai ba ta ce tana so ba.” Muka hau mota. A hanyar dawowa maigida bai tsaya kallon komai ba.

Shef ya saurari Dogo, ya duba langar, ya sake duba motar har ƙarƙashin kujera. Sannan ya buɗe aljihun teburi. Ya juya bayan takardar ya ja layi ɗaya da jan alƙalami, ya sa hannu. Ya ce wannan layin, duk shef ɗin da ya zo bayansa zai san ma'anarsa, na biyu babu. Ya miƙa wa maigida. Maigida ya karɓa da hannu biyu, ya sa ta a gidanta na fata, sai da ya gwada sau uku kafin ta shiga. Ya mai da hularsa ya ce, “Ku hau, rana na yi.”

Ranar da muka isa Paraku ban bari na huta ba, na wanke langar na tafi wurin Iya na gaya mata duk yadda aka yi, har da ƙunshin da na ƙi karɓa. Ta daɗe tana juya ƙosai. Ta ce, “Kashi ma yanzu sai da takarda.” Can ta ce, “Da kin faɗi sunana ai da na je. Me za su yi da tsohuwa?” Kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice, a na uku ta aiko wa yara ƙosai. Jaririyar, maigida ne ya kai ta asibiti da uwarta kafin ya mai da mota, aka yi mata allurai, ta daɗe tana jinya amma ta tashi.

Mai motar ya ga jan layin. Bai kori maigida ba, amma bai sake ba shi mota ya ɗauki iyali ba, don haka hutunmu ke nan na farko kuma na ƙarshe, giwa kuwa har yau ban gan ta ba. Maigida ya ci gaba da shiga gandun shekaru masu yawa da takardar nan, layi ɗaya a bayanta. Bai taɓa ta da maganar ba ko cikin fushi. Sai dai duk ranar da zai tafi, in ya rataya takardar ya kai bakin ƙofa, yakan tsaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Akwai saƙo?” Ni kuma in ce, “Babu. Allah ya kiyaye hanya.”